BA KOWANE TAƁIN HANKALI NE AIKIN ALJANI BA: DARASI A KAN CIWON SIKIZOFIRENIYA DA MAGANINSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya karrama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.



Darasinmu na yau a kan wani ciwo ne da ba a rasa shi a kowace unguwa, amma ba a cika kiran sunansa ba. Idan ya kama yaro sai a ce an yi masa jifa, ko iska ce ta buge shi, ko karatu ne ya yi masa yawa. Likitoci suna kiransa sikizofireniya, a Larabci kuma al-fusam. Abu guda nake so mu tashi da shi daga wannan darasi: ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da magani a asibiti, kuma hana mara lafiya wannan magani da sunan ruƙiyya ko tawakkali zalunci ne da za a tambaye mu a kansa. Mu yi addu'a, mu yi ruƙiyya ta shari'a, mu kuma kai shi wurin likita.

MENE NE WANNAN CIWO?

Ciwo ne da yake taɓa yadda mutum yake ji, da yadda yake tunani, da yadda yake bambance abin da yake na gaske da wanda ba na gaske ba. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Eugen Bleuler ne ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1908. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, kimanin mutum miliyan 24 ne suke ɗauke da shi a duniya, wato kusan mutum 1 cikin kowane 300. Yana kama Musulmi da Kirista da wanda ba ya addini, mai kuɗi da talaka, mahaddaci da wanda bai taɓa shiga makaranta ba.

Yawanci yana farawa ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa wajen shekara 30, kuma yakan riga bayyana ga maza kafin mata. Kun ga ke nan yana zuwa ne daidai lokacin da yaro yake jami'a, ko ya fara kasuwa, ko yarinya ta yi aure. Shi ya sa zargi yake saurin shigowa: ai don an ga zai zama wani abu ne aka yi masa asiri. Alhali wannan shi ne lokacin da ciwon yake bayyana a ko'ina a duniya, har a ƙasashen da ba su san kishiya ba.

ALAMOMINSA

Na farko, jin muryoyi. Mutum yana jin ana yi masa magana alhali babu kowa. Wani lokacin muryoyin suna zaginsa, wani lokacin suna hira a kansa, wani lokacin suna ba shi umarni. Ba ƙarya yake yi ba, kuma ba iskanci ba ne; yana jin su kamar yadda kake jin kiran salla. Idan ka gan shi yana surutu ko dariya shi kaɗai, sau da yawa amsa yake ba su.

Na biyu, ƙudurce abin da ba shi da tushe, ƙudurcewar da hujja ba ta girgiza ta. Ya ce mahaifiyarsa tana zuba masa guba a abinci, ko maƙwabta suna bibiyarsa, ko mai karanta labarai a rediyo da shi yake, ko ana karanta tunaninsa ta waya. Wani ya ce shi ne Mahadi, ko ana yi masa wahayi.

Na uku, hargitsewar magana da ɗabi'a. Ya ɗauko zance ya saki, ya kama wani da ba su da alaƙa. Ya sa rigar sanyi a tsakiyar bazara, ko ya kama hanya ya yi ta tafiya babu inda ya nufa.

Na huɗu, kuma wannan shi aka fi jahilta: mutuwar zuciya. Ya daina wanka, ya daina fita, ya daina hira, fuskarsa ba ta nuna farin ciki ko baƙin ciki, ya wuni a ɗaki. Sai a ce malalaci ne, a yi ta yi masa faɗa da gori. Wallahi wannan ma daga cikin ciwon yake.

Akwai kuma abin da ya fi wahalar da iyali: da yawa daga cikin masu wannan ciwo ba su san ba su da lafiya ba. Wannan rashin sanin shi kansa alama ce ta ciwon, ba taurin kai ba ne.

A kula: ba duk wanda ya ruɗe ne yake da sikizofireniya ba. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da sanƙarau, da farfaɗiya, da shaye-shaye, da ruɗewar da take samun wasu mata bayan haihuwa, duk suna iya kawo irin waɗannan alamomi. Likita ba ya yanke cewa sikizofireniya ce sai alamomin sun ɗauki aƙalla wata guda, kuma ya tabbatar ba wani ciwon ne ya jawo su ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin gaggawar zuwa asibiti, domin mai sanƙarau idan aka tsaya yi masa hayaƙi, kwana kaɗan ne sai gawa.

ME YAKE JAWO SHI?

Ba sababi ɗaya ba ne. Gado yana da babban kaso: idan ɗaya daga cikin iyaye yana da ciwon, yiwuwar ɗa ya kamu tana kusan 1 cikin 10. Tagwayen da suke kama ɗaya sak, idan Hassan ya kamu, yiwuwar Husaini ya kamu ta kusa rabi. Ka lura, rabi aka ce, ba duka ba. Ke nan akwai wasu abubuwan da suke haɗuwa da gadon: wahalar da jariri ya sha a ciki ko wajen haihuwa, da ƙuncin rayuwa mai tsanani, da kuma tabar wiwi, musamman ga wanda ya fara ta da ƙuruciya kuma yake yawan sha.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda jijiyoyi suke aika wa juna saƙo da shi. Daga cikin ayyukansa akwai nuna wa mutum cewa wannan abu muhimmi ne, ka kula da shi. Ga mai wannan ciwo, aikin sinadarin yakan yi yawa a wani sashe na ƙwaƙwalwa, sai komai ya zame masa saƙo: tarin da maƙwabci ya yi, da motar da ta wuce, da kallon da yaro ya yi masa. Daga nan zargi da tsoro suke tsirowa. Daga cikin hujjojin masana akwai cewa ƙwayoyin maye masu tayar da dofamin, irin wadda matasa suke kira ais, suna iya sa mai lafiya ya fara jin muryoyi da zargin mutane, magungunan da suke rage aikin dofamin kuma suna kwantar da waɗannan alamomi.

TO MALAM, INA BATUN ALJANU DA SIHIRI?

Mun yi imani da samuwar aljanu, kuma sihiri da kambun baka sun tabbata a nassi. Ba wannan muke jayayya a kai ba. Tambayar ita ce: wannan yaron da yake gabanka, da wace hujja ka yanke cewa aljani ne?

Malamanmu na farko ba su jingina kowane ciwo ga aljani ba. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa farfaɗiya gida biyu: wadda take zuwa daga miyagun ruhohi, da wadda take zuwa daga lalacewar wani abu a cikin jiki, ya kuma nuna cewa ta biyun fagen likitoci ce. Fuƙaha'u kuma sun yi dogon bayani a kan hauka a babin salla da azumi da aure da saki da haddi, suna ɗaukarsa a matsayin lalurar da take gusar da hankali, ba tare da sun shardanta cewa aljani ne ya kawo ta ba.

Wani zai ce, ai da aka yi masa karatu ya yi ihu, har aljanin ya yi magana. Ɗan uwa, ka yi tunani. Mutumin da dama yake jin muryoyi, dama yana cikin tsoro, an danne shi, an ɗaga murya a kunnensa, ana tambayarsa "wane ne kai, wa ya turo ka?" Me kake zaton zai fito daga bakinsa? Kuma ko da mun ƙaddara aljanin ne ya yi magana, tun yaushe maganar aljani ta zama shaida a shari'a? Gidaje nawa ne suka watse, zumunci nawa aka yanke, saboda an ce aljani ya ambaci sunan kishiya ko gwaggo? Mutumin da ciwonsa shi ne zargin mutane, ka zo ka ce masa "gaskiyarka, wance ce ta yi maka asiri", ai ka ƙara wa wuta fetur, kuma ka jefa ran wance ɗin cikin hatsari.

Ruƙiyya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata halal ce, kuma alheri ce ga kowane mara lafiya, mai ciwon suga ne ko mai karaya. Amma wa ya taɓa cewa mai karaya ya bar ɗori saboda ana yi masa tofi? Hadisai ingantattu, a Bukhari da Sunan, sun nuna cewa kowace cuta Allah Ya sanya mata magani, kuma Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, shi kansa ya yi. Tawakkali shi ne ka riƙi sababi, zuciyarka tana dogare da Mai sababin.

Neman magani ga mai taɓin hankali kuma ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Asibitin da Ahmad bin Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872 yana karɓar masu wannan lalura. Haka asibitin Nuruddin Zanki a Dimashƙa, na 1154, da na Sarki Ƙalawun a Alƙahira, na 1284, da asibitin Argun a Halab, na 1354, wanda ya shahara da kula da su. Da dukiyar waƙafi ake tafiyar da irin waɗannan asibitoci, a garuruwan da suke cike da manyan malamai.

MAGANIN ASIBITI

Kafin shekarun 1950 babu wani magani mai inganci ga wannan ciwo a duk duniya. A Turai ma kulle mutane ake yi a manyan gidaje har su mutu. A ƙarshen 1950 aka haɗa wani magani a Faransa mai suna kulofuromazin, wanda aka fi sani a kemis da Largactil. A 1952 wasu likitoci biyu a birnin Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada shi a kan masu taɓin hankali, suka ga mutanen da suka shekara suna ihu sun natsu, ana magana da su suna amsawa. A 1958 aka haɗa halofaridol a Beljiyam. Daga baya sababbi suka fito: risfaridon a 1993, olanzafin a 1996. Dukansu suna rage aikin dofamin a wurin da ya yi yawa.

Abubuwa huɗu ya kamata iyali su sani game da su.

Ɗaya: ba a rana ɗaya suke aiki ba. Barci da natsuwa suna iya samuwa cikin 'yan kwanaki, amma raguwar muryoyi da zargi takan ɗauki mako 2 zuwa 6. Kada a sha na kwana biyar a ce bai yi ba.

Biyu: sun fi ƙarfi a kan muryoyi da zargi da hargitsi. Mutuwar zuciya da janyewa daga mutane sukan yi jinkirin tafiya, kuma suna buƙatar haƙurin iyali da maido da mutum cikin harkokin rayuwa a hankali.

Uku: akwai na allura mai daɗewa a jiki, wadda ake yi bayan 'yan makonni ko sau ɗaya a wata, irin su Modecate. Tana da amfani sosai ga wanda yake mantawa da ƙwaya ko yake ɓoye ta.

Huɗu: idan wani bai karɓi mutum ba, ana canza masa wani. Kusan kashi 1 cikin 3 na marasa lafiya magungunan farko ba sa yi musu aiki yadda ake so. Irin waɗannan akwai kulozafin, wanda ya fi sauran ƙarfi a wannan hali, sai dai yana iya rage ƙwayoyin jinin da suke kare jiki. An taɓa janye shi daga kasuwa a 1975 bayan wasu sun mutu a ƙasar Finlan, daga baya aka dawo da shi da sharaɗin gwajin jini a kai a kai, kowane mako a watannin farko.

ILLOLINSA, DOMIN KADA A CE BA A FAƊA BA

Amana ce mu faɗi gaskiya: waɗannan magunguna suna da illoli, kuma illolin ne suke sa mutane da yawa su watsar da su.

Tsofaffin, irin su halofaridol, sukan kawo sandarewar jiki, da karkarwar hannu, da tafiya a hankali, da dalalar miyau, da kasa zama wuri ɗaya. A kwanakin farko wani wuyansa yakan murɗe, idanunsa su kafe sama, harshe ya fito. Nan ne 'yan uwa suke firgita su ce, "Kun gani ko! Aljanin ba ya son maganin asibiti." A'a, illa ce sananniya, kuma akwai maganin da yake warware ta cikin ƙanƙanin lokaci. Daga cikin abin da likita yake bayarwa domin irin wannan akwai Artane ko Exol, wanda abin takaici wasu matasa suka mayar abin maye. Don haka a adana shi inda hannu ba zai kai ba. Idan aka daɗe ana sha kuma, wani yakan fara motsa baki da harshe ba da sonsa ba. Da an ga haka a sanar da likita.

Sababbin, musamman olanzafin, sukan kawo yawan ci da ƙiba, su buɗe ƙofar ciwon suga, don haka a riƙa auna nauyi da suga da hawan jini. Risfaridon da wasu tsofaffin suna iya rikita al'adar mace, ko su sa ruwan nono ya zo ba tare da haihuwa ba, ko su raunana sha'awar namiji. Wannan kunya takan hana a faɗa, sai mutum ya bar magani a ɓoye. A faɗa wa likita. Babu kunya a neman lafiya. Largactil kuma yakan kawo jiri idan aka miƙe da sauri, kuma mai shan sa ya rage daɗewa a rana.

Akwai guda ɗaya da ba a cika samu ba amma yana kisa: zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki gaba ɗaya da ruɗewa. Wannan ba a kwana da shi, asibiti kai tsaye.

Maganin illa shi ne komawa wurin likita ya rage ko ya canza. Kada a rage da ka, kada a je kemis a ce "ba ni irin wanda aka ba ɗan wane".

BABBAN TARKO: "AI YA WARKE"

Nan ne gidaje da yawa suke faɗawa. Yaro ya sha magani wata uku, ya dawo hayyacinsa, yana salla, yana zuwa kasuwa. Sai wani ya ce, "Ai ya warke, a bar ƙwayoyin nan kada su zame masa jiki." Wani mai magani ma sharaɗinsa ke nan: sai an ajiye na asibiti kafin ya fara nasa. Bayan 'yan watanni sai ciwo ya dawo, sau da yawa fiye da na farko.

A 2012 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa. Cikin shekara guda, ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, amma ya dawo wa kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka cire musu shi. Kuma kowace dawowa tana tafiya da wani abu: karatu, ko jari, ko aure, ko mutunci a idon jama'a.

Bayan tashin farko, likitoci sukan so a ci gaba da magani aƙalla shekara 1 zuwa 2 bayan samun sauƙi. Wanda ciwon ya sha dawo masa yakan buƙaci shekaru masu yawa, wani har ƙarshen rayuwa, kamar mai hawan jini. Waɗannan magunguna ba kayan maye ba ne, ba sa bugarwa, kuma shan su halal ne. Duk wanda ya ce a bar su alhali ba shi da ilimin likitanci, ya sani yana ba da fatawa ne a kan ran mutum ba da sani ba.

Akwai bushara kuma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum 1 cikin 3 na masu wannan ciwo alamominsu suna gushewa gaba ɗaya. Da yawa daga cikin sauran suna samun sauƙin da za su yi sana'a su riƙe gida. Kuma gwargwadon saurin fara magani, gwargwadon kyawun sakamako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

MAS'ALOLIN FIƘIHU

1. Taklifi. Hadisi ya tabbata a Sunan cewa ba a rubuta laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Lokacin da Ma'iz ya zo yana iƙirarin laifi, Annabi (SAW) sai da ya bincika lafiyar hankalinsa. Sayyidina Ali kuma ya tunatar da Sayyidina Umar wannan hukunci game da wata mata mai taɓin hankali, aka sake ta. Don haka idan mara lafiya ya yi da'awar annabci, ko ya furta kalmar da ba ta dace ba, ko ya wulaƙanta abu mai alfarma, asibiti ya kamata a kai shi. Taruwa a kansa da duwatsu da sanduna kisan kai ne. Ko mai cikakken hankali ma, hukunci na alƙali ne, ba na 'yan unguwa ba.

2. Salla da azumi. Sallar da lokacinta ya fita hankalinsa yana gushe babu ramuwa a kansa. Azumi kuwa, a mazhabar Malikiyya yana ramawa idan ya warke, wasu mazhabobin kuma ba su wajabta masa ba. Idan ya dawo hayyacinsa, hukuncinsa na kowane Musulmi ne.

3. Magani a Ramadan. Da yawa daga cikin magungunan da dare ake sha, don haka a je wurin likita tun Sha'aban ya tsara lokaci. Allurar da ake yi a tsoka, wadda ba ta abinci ba, ba ta karya azumi. Haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1997. Wanda likita ya ce azumi ko rashin barci zai tayar masa da ciwo, yana da rangwamen mara lafiya.

4. Aure. Aure ba maganin wannan ciwo ba ne. Wanda ya samu sauƙi yana shan magani zai iya aure, amma a faɗa wa ɗaya ɓangaren gaskiya. A Malikiyya hauka yana cikin aibobin da suke ba da zaɓin raba aure, kuma akan ba da shekara guda domin neman magani. Ku duba, fuƙaha'unmu tun tuni suna ganin ciwo ne da ake sa ran warkewarsa. Mai ciki ko mai shayarwa kada ta yanke magani da kanta, ta ga likita.

5. Saki. Sakin da mutum ya yi hankalinsa a gushe ba ya aukuwa. A kai maganar ga alƙali ko malami masani, tare da bayanin likita.

6. Dukiya. Ciwo ba ya hana shi gado. Waliyyi ne zai kula da rabonsa, a yi masa magani da shi. Cin dukiyarsa saboda "ai bai san abin da ake ciki ba" haramun ne. Idan talaka ne, ya halatta a ba shi zakka, a saya masa magani.

MARI DA BULALA

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da ɗaruruwan maza da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka. Bayan nan an rufe wasu gidajen irinsa a jihohin Arewa. Ba duk waɗanda ake kai wa irin waɗannan wurare ne masu taɓin hankali ba, amma akwai su a ciki, kuma akwai wasu da yawa da suke ɗaure a turu a bayan gidajen iyayensu.

Na san iyaye da yawa ba mugunta ce take sa su ba. Gajiya ce da tsoro da rashin kuɗi. Amma shari'a ta hana cuta da cutarwa. Masu cewa aljanin ake duka, to a jikin wa tabon yake fitowa? Labarin abin da wani malami ya taɓa yi ba nassi ba ne, kuma bai halatta maka jikin Musulmi ba. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa masu wannan lalura haƙƙoƙinsu. Mu da muke da Alƙur'ani bai kamata sai doka ta koya mana tausayi ba.

Mafi yawan masu wannan ciwo ba masu ta'adi ba ne. Su aka fi cutarwa. Hatsarin ya fi yawa a kan kansu, domin kusan 1 cikin 20 suna kashe kansu. Idan ya fara maganar mutuwa, ko ya ce muryoyi suna umartarsa ya cutar da kansa ko wani, a kawar da wuƙa da igiya da fiya-fiya, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.

ABIN DA YA HAU KANMU

Ga iyali: akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashen wannan ciwo. A zaɓi mutum ɗaya da mara lafiya ya fi yarda da shi ya riƙe maganin, ya riƙa raka shi ganin likita. Idan ya faɗi abin da yake ji, kada a yi masa dariya, kada a yi musu da shi, kada kuma a gaskata masa. A ce masa, "Ni ban ji muryar ba, amma na ga tana damunka, mu je a taimaka maka." A rage faɗa da gori, domin bincike ya daɗe da nuna cewa gidan da ake yawan suka da tsangwama ciwon ya fi saurin dawowa. A nisanta shi da wiwi, a kula da barcinsa, a ba shi ɗan aikin da zai iya, a ci abinci tare da shi, a tafi masallaci tare.

Ga 'yan uwana limamai da masu ruƙiyya: wurinmu ake fara zuwa kafin asibiti, don haka kalmarmu tana iya ceton rai, tana iya halaka shi. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abekuta cewa ana samun nasara idan likita da dangi da waɗanda jama'a suka yarda da su suka haɗa hannu. Yakan saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna karɓar magani. Mu yi wa mara lafiya addu'a, mu kwantar wa iyayensa da hankali, sannan mu ce musu a fili: ku tafi asibiti, kuma kada ku bar magani.

Ga jama'ar unguwa: a hana yara jifa da tsokana. A daina kiran mutum da sunan ciwonsa. Masu hali su sani cewa ɗaukar nauyin maganin wata guda ga irin wannan bawan Allah sadaka ce mai girma, domin sau da yawa rashin kuɗin magani da na mota ne yake mayar da mutum bola.

Hankalin da muke taƙama da shi ba wayonmu ne ya ba mu ba, kuma babu wanda ya karɓi takardar tabbacin zai mutu da nasa. Wanda ya san gidan da ake fama da wannan jarrabawa, ya isar musu da wannan darasi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya kiyaye mana imaninmu da hankulanmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.